Bukkoki Ukun da Ban Ƙona Ba

Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Asma'u na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana ba baƙi labarin gorar masuntan nan da ke rataye a zaure. Ya ce wai a zamanin Turawa an umarci mahaifinku ya ƙone matsugunin talakawa a Kalgo, shi kuwa ya dubi shugabansa ido cikin ido ya ce ba zai yi ba. Baƙi suka yi ta jinjina kai. Ina daga ciki ina ji, kunya ta hana ni fitowa. Na san ƙauna ce ta ƙara wa labarin gishiri, kuma ban ji haushi ba. Amma ba haka aka yi ba, kuma ba na son in koma ga Allah in bar ku da uban da ba ni ba ne. Zan faɗa muku iyakar abin da na tuna. Inda na manta zan ce na manta.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga Kano ba, inda na yi shekara uku a makarantar koyon aikin tsafta. Aka ba ni kaki da keke da ludayin leƙa randa, aka tura ni Kalgo a matsayin duba-gari. Mahaifiyarku Hajo tana amarya, na bar ta Gwandu wajen iyayena kafin in sami gidan kirki. An kuma sa sunana cikin waɗanda za su tafi ƙarin karatu kudu da zarar kaka ta yi, karatun da in mutum ya dawo daga shi sai ya zama babba a ofis. Hajo har ta sa an yi mini akwatin katako, tana ta jera kaya a ciki tun da sauran watanni. Ni mutum ne mai tsoron kuskure tun ina yaro. Rahoto ɗaya nakan rubuta shi sau uku kafin in aika.

Daminar shekarar gulbi ya yi cikar da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Ya ci shinkafar fadama, ya ci ƙananan ƙauyukan masunta da ke bakinsa. Waɗanda suke da dangi a tudu suka tafi wajen dangi. Waɗanda ba su da kowa suka taho Kalgo, suka kafa bukkokin kara da zana a wani fili bayan kasuwa, kusa da rijiyar da masu abinci ke ɗiban ruwa. Bukka ashirin da huɗu ne, wannan ban manta ba, don ni na ƙirga su. Ba su zaɓi wurin don neman rigima ba. Maza na samun dako ranar kasuwa, mata na surfe da daka a gidajen mutane, gulbi kuma ba nisa in ruwa ya ja. Amma babu masai ko ɗaya, kuma ruwan sama na wanko komai ya gangara wajen rijiyar. Ni na rubuta wannan a rahoto, da hannuna, kuma gaskiya na rubuta. Ban dai yi tunanin abin da rahoton zai haifa ba.

Amsa ta zo daga ofishinmu na birni da sa hannun shugabana, Malam Ladan. A tashi mutanen cikin kwana bakwai, a kai su wani tudu da aka ware yamma da gari, a ƙone bukkokin don kada su dawo. Ba na son ku ɗauki Malam Ladan mugu. Amai da gudawa sun taɓa shiga garinsu suka ɗauke masa 'ya'ya biyu a mako guda, kuma tun daga ranar ba ya wasa da rijiya. Ni da leburori muka je tudun muka kafa turaku a jere, layi ya miƙe sambal, tsakanin kowace bukka da 'yar'uwarta taku iri ɗaya. Na yi alfahari da layin nan. Mun auna komai, sai abu guda: nisan da mace za ta yi da tulu a ka. Babu rijiya a tudun. An ce za a gina bayan damina.

Na bi bukkokin ɗaya bayan ɗaya ina gaya musu. Ba wanda ya zage ni, kuma ina jin da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Wani tsoho mai suna Garba, wanda shi suke ɗauka babba, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"To, malam duba-gari. Ruwa ya tashe mu ba mu yi gardama ba, balle hukuma. Amma akwai ta ƙarshen can, wajen tsamiya. Wannan kai za ka gaya mata da bakinka."

Bukkar ƙarama ce, asabari a sake a ƙofarta da rana tsaka. Na yi sallama, murya ta amsa daga ciki a hankali, ba a ɗaga asabarin ba. Wata mata da ke tankaɗe a gefe ta ce mini Kulu ce, mijinta Manu masunci ya rasu a cikin bukkar nan da zazzaɓi bayan zuwansu, tana takaba. Ba su da ɗa a raye. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, sannan na karanto mata umarnin kamar yadda na karanta wa kowa, har da taku nawa ne tsakanin bukka da bukka a sabon wuri. Ta bari na ƙare.

"Ɗana, sannu da aiki," ta ce. "Nan mai gidana ya cika, nan anka wanke shi. Wata huɗu da kwana goma Allah ya ɗora mini, na yi wata ɗaya da rabi. In sun cika, ko cikin gulbi kunka ce in koma, ni koma."

Na ce, "Gwaggo, ai kwana bakwai aka ba ni."

"To kai da wanda ya ba ka. Ni ba shi ya ba ni nawa ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Kamar mai gaya maka farashin gishiri.

Kwana biyu ina juya maganar. A rana ta uku na hau keke tun da asuba na nufi Gwandu. Na tsaya Kambaza na sha fura, na isa gida bayan la'asar a gajiye. Gaskiyar abin da ya kai ni, ba shawara na je nema ba. Kakanku malami ne, kuma na tuna tun ina zaune gabansa na taɓa jin cewa akwai halin da mai takaba za ta iya barin ɗakinta. So nake ya faɗa mini da bakinsa in koma in gaya wa Kulu, in ƙona bukkar da zuciya sakayau.

Na same shi a zaure almajiransa manya sun watse. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Sanda, mi ka zo nema, hukunci ko sauƙi?"

Na ce hukunci, Baba.

"To ga hukunci. Mai takaba ta zamna ɗakin da mutuwa ta iske ta. Amma in bango zai faɗa mata, ko ruwa zai ci ɗakin, ko anka fitar da ita da ƙarfi, ta tashi, ba ta da laifi ko kaɗan."

Abin da na zo nema ke nan. Na fara godiya ina shirin miƙewa. Ya ɗaga hannu.

"Zamna. Ita littafi ya ba uzuri. Kai ban ga inda ya ambace ka ba. Bango ba a tambayarsa gobe ƙiyama, ruwa ma haka. Kai ko mutum ne."

Na ce to ke nan in bar ta. Ya ce shi bai ce ba.

"In ka bar ta cuta ta shiga rijiya ta kashe ɗiyan mutane, wannan ma za a tambaye ka. Kai ka yi karatun abin, ba ni ba."

Na shiga cikin gida da nauyin da ya fi wanda na zo da shi. Kakarku Inna tana bakin murhu, ta riga ta ji komai, don zauren gidanmu ba ya riƙe magana. Ta tura mini ƙwaryar tuwo ta ce in ci tukuna. Ina ci tana kallona.

"Wai ni kam, mi ke kawo cutar nan da kuke tsoro? Matar ce ko bayan gidan?"

Na ce bayan gidan ne, Inna, idan ruwa ya wanke shi zuwa rijiya.

"Ikon Allah. Shekara uku munka yi muna aika maka da ƙuli-ƙuli Kano kana karatun masai, ashe ba ka iya gina ko guda ba?"

Hajo na daga ƙofar ɗaki ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da gefen zane ta shige. Ni ban yi dariya ba, don na ga maganar ta fi ƙarfin wasa. Na ce wa Inna ba a ba ni umarnin gina masai ba, umarnin ƙonawa aka ba ni, kuma in na saɓa, tafiyata kudu na iya lalacewa. Na faɗi wannan da ɗan ƙarfi don Hajo ta ji, saboda ita ma da rabonta a tafiyar. Ina jin so nake ta fito ta ce in yi wa kaina da ita adalci, in sami wanda zan jingina da shi. Ba ta fito ba. Da safe da zan hau keke na ga ta ɗaura wani ƙunshi a bayan sirdi. Na tambaye ta mene ne.

"Sabulun salo ne da ɗan gero. Mai takaba na wanka da wanki ran Juma'a. Ka ba ta, ka ce ɗiyarta ta Gwandu na gaishe ta."

Iyakar abin da mahaifiyarku ta ce ke nan a kan maganar, a ranar da kuma bayanta.

Yanzu ga wurin da nake so ku saurara da kyau. Rana ta bakwai na je filin da leburori da ɗan doka guda da garwar kananzir. Mutane sun riga sun fitar da 'yan komatsansu, tukwane da tabarmi da taru, sun ɗora a ka. Bukka ashirin da ɗaya na ƙona. Ba leburori na sa ba, ni na ƙyasta ashanar, don na ga bai dace in ɗora wa wani abin da sunana ke kansa ba. Karan ya jiƙe da damina, sai da na yi ta zuba kananzir. Tsoho Garba ya tsaya yana kallon tasa har ta zube, sannan ya juya ya bi sahun mutanensa zuwa tudu bai waiwayo ba. Ta Kulu na bari. Mata biyu, Ige da wata da sunanta ya ɓace mini, suka ce ba a barin mai takaba ita kaɗai a fili, dole wani ya ɗebo mata ruwa ya kwana kusa da ita, don haka na bar nasu. Uku ke nan. Washegari ni da lebura ɗaya muka haƙa masai a can gangaren da ba ya kallon rijiya, mai zurfi, muka yi masa murfi da shinge, muka kuma ja 'yar magudana ta kauce da ruwan sama. Tafin hannuna duk ya yi bororo. Sannan na zauna na rubuta rahoto. Na so in rubuta cewa an gama aiki, in yi shiru da sauran. Na so kuma in ce matar ba ta da lafiya ne, ba ta ɗaukuwa. Na rubuta duka biyun na yaga. A ƙarshe na rubuta yadda abin yake, amma cikin kalmomi masu laushi ƙwarai, har na ce jinkiri ne na ɗan lokaci.

Bayan mako guda Malam Ladan ya zo da kansa. Bai gaishe ni ba sai da ya zagaya wurin. Ya ɗaga murfin masan ya leƙa, ya auna nisansa da rijiya da takunsa, ya karɓi ludayina ya duba randunan matan uku. Ya tsaya nesa kaɗan da asabarin ya yi wa Kulu ta'aziyya kamar yadda ya kamata. Sannan ya ja ni ƙarƙashin tsamiya.

"Masan ya yi. Wa ya ce ka gina?"

"Ranka ya daɗe, ba wai na ƙi umarni ba ne. Na dai ga kamar, wato, in an ɗan jinkirta..."

"Umaru, in ka bar uku yau, jibi goma ne. Na tudu za su ji, su ce me ya sa su. Ka san da haka?"

Na ce na sani.

"To ji nan. Motar masu tafiya kudu za ta tashi daga birni ran Asabar ta sama. Ka ƙone waɗannan ka zo ka shiga, ban ga komai ba. In kuwa ka bar su, kai za ka zauna ka yi gadinsu har ranar da za ta fita, don ba zan ɗora wa wani ba. Kuma mutum ɗaya ya yi gudawa a kasuwar nan, ka ajiye kakin."

Ga abin da jarumin mahaifinku ya ce, kalma da kalma:

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe in yi tunani."

Ban taɓa ce masa a'a ba. Gobe ta yi na ce wa kaina jibi. Sau biyu ina ɗaukar garwar kananzir ina zuwa har gindin tsamiyar. Sai in ji tarinta daga bayan asabari, ko ƙarar 'ya'yan tsamiyar da take jefawa cikin ƙoƙo, ɗaya kowace safiya, don kada lissafin kwanakin ya ɓace mata, sai in ajiye garwar in ce bari in duba randuna tukuna. Haka na yi ta yi har Asabar ta zo ta wuce, mota ta tashi ba ni. Ban sani ba ko wannan shi ake kira zaɓi. Mai yiwuwa tsoro biyu ne suka yi kokawa a cikina, ɗaya ya kada ɗaya.

Sauran kwanakin ban ci abinci da daɗi ba. Kowace safiya kafin masu abinci su ɗebi ruwa ina bakin rijiyar. Yaro ya yi ciwon ciki a ƙarshen gari sai gabana ya faɗi, in hau keke in je in ga ko irin wancan ne. Allah ya rufa asiri, ba a yi ba. Ba na cewa masaina ne ya hana, Allah ne masani. Mun saba da Kulu ta bayan asabari, ban taɓa ganin fuskarta ba. Takan tambaye ni lafiyar Hajo, ta kuma yi mini tsiya.

"Ɗana, ka sake leƙa randar nan yau sai ta tsage don kunya. Jiya ka gan ta, shekaranjiya ka gan ta."

Na tudu kuwa, maganar Malam Ladan ba ta tabbata ba, ba su dawo ba. Abin da ya faru ya fi haka ciwo. Rijiyar da aka ce za a gina ba a gina ba a shekarar, mata na tafiya mai nisa da tulu, dako ya yi wa maza nisa. Kafin sanyi ya shiga rabinsu sun watse, wasu sun bi gulbi kudu, wasu ban san inda suka nufa ba. Tsoho Garba a tudun ya rasu. Turakuna na nan a jere, layi sambal, babu kowa a tsakaninsu. Na rubuta takarda uku a kan rijiyar. Da na san abin da na sani yanzu, da masai shida na haƙa tun farko, na roƙi a bar su duka inda suke. Wannan tunanin bai zo mini ba sai da wuta ta riga ta ci. Inna ta faɗa mini a fili, ni kuwa na ji maganarta a kan mutum ɗaya kawai.

Ranar da kwanakin suka cika, matan gari suka zo da hantsi aka yi abin da ake yi, ta yi wanka ta sauya tufafi, aka raba 'yar sadaka. Ina tsaye nesa da garwata, don alkawarin da na yi wa ofis ke nan. Aka naɗe asabarin ta fito. A raina na ɗauka doguwa ce mai cika ido, saboda muryar. Ashe 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, tana ƙifta ido don hasken rana. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ashe kai ne. Yaro ƙanƙane haka, anka ba ka wuta."

Ta fitar da tukunyarta da tabarma da gorar mijinta, irin babbar nan da masunci ke kifa ciki a kanta ya bi ruwa. Ige da 'yar'uwarta suka kwashe nasu. Na yayyafa kananzir, na ciro ashana na riƙe a hannuna. Sai ta miƙo nata hannun.

"Kawo, ɗana. Naka ya ƙona isassu."

Ita ta ƙyasta. Ta tsaya har rufin ya faɗa ciki, leɓunanta na motsi, ina jin addu'a take wa Manu. Da ta gama ta turo mini gorar da ƙafa. Na ce ban iya ruwa ba, Gwaggo, me zan yi da ita. Ta ce ita ma ba ta iya ba, kuma ba ta da ɗan da za ta ba, kuma ta gaji da ɗauka. Daga nan ta bi wani ɗan ƙanen mijinta da ya zo daga wajen Ceberu. Mun yi ta aika gaisuwa shekara biyu ko uku, sannan aka aiko ta rasu.

Ba a sake sa sunana a tafiya kudu ba. Waɗanda suka shiga motar nan su suka zama shugabannina, har na yi ritaya ina gaishe su da ranka ya daɗe. Da na je Gwandu bayan an gama, na tarar Hajo ta kwashe kayan da ta jera a akwatin ta zuba nata zannuwan a ciki. Shi ne akwatin da kuka sani a ƙarƙashin gadonta. Ita ta ɗaura wa gorar igiya, ita ta zaɓi inda za a rataye ta, kuma duk gidan da aka mayar da mu ita take fara sa wa a mota.

Ban hana ku ba baƙi labarin ba. Gorar taku ce bayana. Amma in za ku faɗa, ku ce kakarku ce ta kawo dabarar, mahaifiyarku ta biya ba ta yi ƙorafi ba, mahaifinku kuwa cewa ya yi a ba shi zuwa gobe. Kuma kada ku fara da ukun. Ku fara da ashirin da ɗayan, ku ambaci tsoho Garba da sunansa, ku roƙa mini gafara.